Sharafu Dillalin Raƙuma da Jar Motarsa

Ranar Lahadi, tara ga watan Maris na shekarar 2014, na fara haɗuwa da Sharafuddeen, wanda duk Illela ke kira Sharafu. Ranar ce ta farko da na zauna a teburin akawu a kara, wato kasuwar dabbobi, bayan an ɗauko ni daga Gwadabawa. Aikina shi ne rubuta takardar shaida ga kowace dabba da aka sayar: launinta, shekarunta, mai sayarwa, mai saye, da dillalin da ya tsaya a kan cinikin. Ina cikin jera biro da rula sai wani ƙaton mutum mai rawani ya tare mini haske, warin raƙumi da na turare suna kokawa a jikinsa.

"Kai na sabon akawu?" ya ce. "Yi muna dariya mu gani."

Na ce masa ban zo dariya ba, aiki na zo. Ashe wannan 'yar maganar ta ishe shi, domin bakina yake kallo.

"Arba'in da ɗaya," ya ce wa mutanen da ke bayansa. "Ya taɓa hwaɗuwa bisa keke yana yaro. Kuma shina cin goro a ɓoye, iyali ba su sani ba."

Shekarun daidai ne. Keken ma daidai ne. Maganar goro ba ta shafi wannan rubutu ba.

Sharafu dillalin raƙuma ne, haka ubansa, haka kakansa. Buzaye sukan koro raƙuma daga arewa su tsallako iyaka, alhazan birni su taso daga Sakkwato da Kano su saya, kuma tsakanin mai sayarwa da mai saye babu abin da ke tsaye sai bakin dillali. Alhajin birni bai san raƙumi ba. Idan an ce masa wannan amali shekararsa shida, ba raƙumin yake saye ba, maganar wanda ya faɗa yake saye. Sharafu kuwa sai ya kama leɓen dabbar da hannu ɗaya, ya ɗage, ya leƙa haƙora kamar mai karanta allo, ya faɗi shekaru, shi ke nan an gama. Ba ya maimaitawa, kuma ba ya yarda wani ya duba bayansa. Ba shi da gona, ba shi da shago, ba shi da garke. Jarinsa ɗaya ne, shi ne maganar da yake yawan faɗa yana dukan ƙirji: "Ni Sharafu, tun da anka haihe ni ba a yi mani rufa-ido ba."

A ƙarshen shekarar 2018 wani mutum ya kawo mota Ƙonni, can tsallaken iyaka, daga Kwatano. Ja ce, mai ƙofa biyu, irin wadda aka ƙera don gudu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin kamfanin bai yi laifin komai ba. Sharafu ya je Ƙonni ta'aziyya, ya ga motar a gindin wata bedi, ya manta da mamaci. Mai motar ya ce ƙirar 2005 ce. Sharafu ya sa aka nuna masa hoton ƙirar 2005 a waya, ya tsuguna gaban motar, ya dubi fitilu, ya dubi ragar gaba, ya sa aka ɗaga bonet ya leƙa. Sannan ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

"Sha uku, ta shiga ta sha huɗu. Gaskiya kac ce."

Bai zagaya bayanta ba. Wanda ya raka shi ya ce masa ko za su duba but, sai ya ce shekara talatin yana sana'a bai taɓa zuwa bayan raƙumi neman labari ba, domin babu abin da ake samu a can sai harbi da kashi.

Motar ta shigo Illela da la'asar, ta tayar da gari. Shigar Sharafu cikinta kaɗai abin kallo ce: sai ya tattare babbar riga, ya cire rawani ya ɗora a kujerar gefe, ya shiga da baya-baya kamar mai sauka rijiya. Matarsa Tayyiba sau ɗaya ta shiga. Da aka kwantar da kujerar gaba aka ce ta kutsa baya, ta kutsa, aka kai ta gidan suna, da ƙyar mata biyu suka jawo ta. Daga ranar ta ce ita ba kaza ba ce da za a riƙa cusa ta akurki, a bar ta da kabu-kabu.

Da a nan ya tsaya da ban rubuta komai ba. Amma wata rana aka nuna masa bidiyon irin motar a wata ƙasa, an yi mata ƙarin ado: bamba mai faɗi a gaba, wata a baya, dogayen faranti biyu a ƙarƙashin ƙofofi, da fiffike a kan but. Sharafu ya kalla har batirin wayar ya mutu. Ya ce motarsa tsirara take yawo, shi bai sani ba. Dole a yi mata riga.

Akwai wani mai sayar da kayan mota a Ƙonni da ke yin odar irin waɗannan kaya daga bakin teku. Ni Sharafu ya sa na rubuta masa saƙo, domin a cewarsa rubutun akawu ya fi kwarjini. Mutumin ya amsa da saƙon murya, muka saurara tare a teburina.

"Alhaji, wagga mota kamhwani ya sake mata jiki bayan 2002. Kayan tsohuwa ba su hawa sabuwa, na sabuwa ba su hawa tsohuwa, ko ramin noti ba ɗaya na ba. Akwai lamba jikin ƙarhe, ka ɗauko mani hotonta in tabbata."

Sharafu ya ɓata rai kamar an zagi kakansa.

"Mi? Lamba? Ni za a tambaya lamba? Malam Akawu, rubuta mai dubu biyu da biyat. Ka ce Sharafu ya buɗe bakinta ya gani."

Na rubuta yadda ya ce, har da maganar baki.

Kafin kayan su iso, gwamnati ta rufe iyaka a watan Agustan 2019. Kwalaye suka maƙale a Ƙonni. Sharafu bai san kowa a ofis ba, amma ya san duk wani mai raƙumi daga nan har Abalak. Saboda haka rigar motar gudu ta shigo Najeriya ta dajin Araba a bayan wata tsohuwar taguwa, wato macen raƙumi, bamba ɗaya a dama, ɗaya a hagu, fiffike a ɗaure bisa tozo. Waɗanda suka gani sun ce taguwar ta fi motar dacewa da shi.

Aka kai kaya garejin Dabo, mai walda da bugun jikin mota a bayan tasha. Dabo gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma aƙidarsa a sana'a ɗaya ce: babu abin da ba ya shiga, sai dai idan guduma ta yi ƙanƙanta. Sharafu ya tafi da ni domin in riƙe takardar kayan in tabbatar an kawo komai. An kawo komai.

Bambar gaba ta zauna daram, kamar da ita aka haifi motar. Sharafu ya dube ni, ya dubi Dabo, ya ce a gaya wa mai lamba. Daga nan aka zagaya baya. Ramukan noti suka ƙi haɗuwa, tsakaninsu yatsa uku. Gurbin fitila a jikin bambar mai kusurwa ne, fitilun motar kuwa masu zagaye. Dabo ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya yi bismilla ya ɗauko guduma. Kayan ba ƙarfe ba ne, faiba ne, irin wanda ake kujerar roba mai tauri da shi. Bugu ɗaya ta tsage.

"Kayan banza anka turo maka," in ji Dabo.

Sharafu ya kira Ƙonni ya wanke mutumin tas. Mutumin ya rantse, ya turo hoton bayan mota ƙirar 2005. Fitilunta masu kusurwa ne. Dabo ya ce bari ya cire kujerun baya ya ga ko akwai wasu ramuka ta ciki. Ya cire, ya ɗage kafet, sai muka ji ya yi fito a hankali.

Ɗinkin walda ne ya ratsa ƙasan motar tun daga wannan ƙofa har waccan, ya hau ginshiƙai ya bi rufi, an goge shi an shafe da fenti. Motoci biyu ne da suka yi hatsari a wata ƙasa, ɗaya ta rasa baya, ɗaya ta rasa gaba, wani gwani a bakin teku ya ɗaura musu aure. Gaba ƙirar 2005, baya ƙirar 2001.

"Aradu wanga ya iya walda," Dabo ya ce yana shafa ɗinkin da yatsa. "Dibi hannu! Ina ma in gamu da shi."

Sharafu ya zauna a kan wata tsohuwar taya. Ban taɓa ganinsa a ƙasa da kowa ba sai ranar. Ba motar ce ta dame shi ba, domin tana tafiya lafiya lau. Abin da ya gani shi ne ranar Lahadi a kara, da alhazan birni, da abin da za su ce idan suka ji cewa mutumin da ke faɗa musu shekarun raƙumi an sayar masa da rabin tsohuwa a matsayin budurwa.

"Mu uku munka sani," ya ce. "In nij ji ta a kara, ɗayanku na. Kai Dabo, na san bakinka. Rantse."

Dabo ya rantse ba zai faɗa wa kowa an cuci Sharafu ba. Ina roƙon mai karatu ya lura da lafazin rantsuwar.

Aka mayar da motar gida, aka tura bayanta cikin rumfa, aka bar gaba a waje yana sheƙi. Duk wanda ya tambaya sai a ce ana jiran wani fenti na musamman daga Yamai. A ɓoye kuma Sharafu ya sa na sake rubuta oda, wannan karon ta ƙirar 2001. Mutumin Ƙonni ya ce ba a raba kaya, sai dai a ɗauki riga sukutum. Aka ɗauka. Taguwar nan ta sake ratso daji.

Bambar baya ta biyu ta zauna, fiffike ya zauna. Sai faranti na gefe suka kawo tasu rigimar: na 2005 sun yi tsawo, na 2001 ma sun yi tsawo, domin gwanin bakin teku ya cinye yatsa huɗu na motar wurin haɗawa. Motar Sharafu ta fi kowace mota irinta gajarta a duniya. Dabo ya yanka na sabuwa biyu, ya yanka na tsohuwa biyu, ya haɗa rabi da rabi da gam da ƙusa, ya shafe da ja. In faɗi gaskiya, aikin ya yi kyau. Ranar da aka fito da ita yara da manya suka bi ta har tasha, inda ta hau tudun rage gudu ta zauna a kai kamar kaza bisa ƙwai, sai da 'yan dako suka ɗaga ta. Sharafu bai damu ba. Ya ce babbar mota ba ta gaisawa da ƙaramin tudu.

Ragowar kayan, wato gaban tsohuwa da tsagaggen bayan sabuwa, suka zauna a tsakar gida. Tayyiba ta kifar da ɗaya tana zuba wa awaki dusa a ciki.

Asiri ya rufu har aka buɗe iyaka a ƙarshen 2020. Wata Lahadi mai kayan motar nan na Ƙonni ya shigo kara neman ragon suna, ya hango Sharafu daga nesa, ya ɗaga murya don girmamawa.

"Alhaji mai mota biyu! Ina ta dubu biyu da ɗayan? Har yau ban gan ta ba, ko ɓoyonta ka ka yi?"

Sharafu ya ja shi gefe da sauri, amma Abdulaziz ya riga ya ji. Abdulaziz shi ma dillalin raƙuma ne, kuma ɗan kawun Sharafu ne, wato taubashinsa. Kowa ya san hukuncin taubasantaka: duk abin da ya faɗa maka wasa ne, ko da ya fi zagi ciwo, kuma idan ka yi fushi kai ne abin dariya. Abdulaziz ya daɗe yana cin ragowar cinikin da Sharafu ya bari. Ya san ƙofar gidan Sharafu, ya san mota ɗaya ce a rumfar. Washegari ya sayi balangu, ya tafi garejin Dabo ya sa aka dafa shayi.

Dabo bai karya rantsuwa ba. Bai ce an cuci kowa ba. Hira kawai aka yi ta sana'a, Abdulaziz ya tambaye shi wace walda ce mafi kyau da ya taɓa gani a rayuwarsa, Dabo kuwa mutum ne mai ba gwani haƙƙinsa.

Abdulaziz bai yi gaggawa ba. Ya jira zuwan Alhaji Abdulmalik, wani attajiri daga Sakkwato wanda shi ne babban mai sayen raƙuma a hannun Sharafu, kuma inda ya sa ƙafa nan sauran alhazai ke sawa. Ranar kasuwa ta cika, Buzaye sun zauna a kan buzayensu, jar mota tana bakin kara da fiffikenta. Sharafu ya kama leɓen wani farin amali ya ɗage.

"Shida, ya shiga ta bakwai."

"Gaban ke nan," in ji Abdulaziz daga cikin taro. "Bayan hwa, shekara nawa?"

"Kai bawana, tahi ka nemi jaki ka duba. Manya na ciniki."

"Ranka ya daɗe Alhaji," Abdulaziz ya ce yana murmushi, "ni dai shawara ni ka ba ka. Ubangijin nan nau in ya duba baki ya gama. Ka tambaye shi shekarun motatai. In ya ce sha biyat, gaskiya na. In ya ce sha tara, shi ma gaskiya na. Ya danganta ga inda kat tsaya."

Ya ba da labarin tun daga Kwatano har kwanon dusar Tayyiba, bai rage ba, ya ƙara kaɗan. Kasuwa ta watse zuwa bakin kara. Aka matsa wa Sharafu ya ba da makulli, bai da hanyar ƙi, aka kwantar da kujera, aka ɗage kafet, mutane suka shiga layi suna leƙa ɗinki kamar masu ganin jariri. Wani tsohon Buzu ya tambaya a fassara masa, da aka fassara sai ya ja rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa na rawa.

Sharafu ya tsaya har dariya ta lafa. Sannan ya gyara riga ya ce, "To, an gani. An yi mani. Amma ku gaya mani, jama'a, wa at taɓa ganin raƙumin da anka yi ma walda?"

Dariya ta sake tashi, wannan karon tasa ce. Buzaye suka gyaɗa kai, suka ce gaskiya ne, bakin raƙumi da wutsiyarsa rana ɗaya aka haife su. Shi ma Alhaji Abdulmalik ya yi dariya har da share hawaye. Na ɗauka magana ta ƙare, kuma da ta ƙare ɗin da Alhaji bai ƙara wata 'yar kalma ba.

"Ka yi gaskiya, Sharafu. Amma don hankalina ya kwanta, bari Abdulaziz shi ma ya leƙa bakin. Ido biyu sun hi ɗaya."

"Alhaji, ba a duba bayana."

"Haba, leƙawa ɗai za ya yi."

"Ko maganata, ko tashi. Ba a haɗa su."

Mutane suka ba shi baki, har shi Abdulaziz ya ce wasa yake, a bar maganar. Sharafu ya saki igiyar amalin ya harɗe hannuwa. Alhaji Abdulmalik mutum ne da ba a saba ja da shi ba, kuma rana ta yi zafi. Ya yafito Abdulaziz. Abdulaziz ya kama leɓe, ya ɗage, ya daɗe yana kallo, ya sake kallo.

"Shida," ya ce a hankali. "Ya shiga ta bakwai."

Haka na rubuta a takardar shaida, shekara shida da ɗoriya, farin amali, dillali Abdulaziz.

Alhazan birni ba su bar Sharafu a rana ɗaya ba. Sun ci gaba da zuwa wurinsa, sai dai kowanne ya koyi cewa a kira wani ya ƙara dubawa, shi kuma duk wanda ya faɗi haka sai ya sakar masa igiya. Buzaye sun riƙe shi, amma mai sayarwa ba ya cin abinci da dillalin da ba shi da mai saye. A shekarar 2022 sunansa ya daina fitowa a takardun raƙuma.

Motar ya sayar wa Dabo. Dabo ya daɗe yana ajiye da ita don sha'awar ɗinkin, daga baya ya bi layin waldar ya raba ta biyu. Gaban yana jingine a ƙofar garejinsa a matsayin alamar sana'a. Bayan kuwa wani manomi daga Kalmalo ya saya, aka yi masa sanduna biyu, jakai na jansa da buhunan albasa, fiffiken yana nan a kai.

Sharafu yana nan da ransa da lafiyarsa. Ya koma ɓangaren tumaki, inda yake dillancin raguna, kuma yana samun na cefane. Shi da Abdulaziz suna cin tuwo a kwano ɗaya ranar Juma'a a gidan mahaifin Abdulaziz. Kara kuwa a bayan kabu-kabu yake zuwa.